Mai Kunu a Ƙofar Kotun Jega

Zauna nan, Nomau, kan bencin nan.
Alƙali bai iso ba tukuna,
magatakarda ma yanzu yake kakkaɓe tebur.
Sha kunu. Kuɗin, bari sai ka fito.

Shekara sha tara ina nan da tulu da ludayi.
Ban taɓa riƙe alƙalami ba,
amma tagar kotun nan ba ta da marfi,
abin da aka faɗa ciki, a kunnena yake sauka.

Na ji labarinku tun shekaranjiya:
gonar albasa ta hanyar Aliero,
mahaifinku ya rasu bara da kaka,
baffanka Barmo ya ce tasa ce, ya kafa turke,
kai kuma ka ɗaga ƙotar fartanya.
Ga shi da ɗinki biyar a goshi,
ga ka da shari'a biyu maimakon ɗaya.

Rarrabe su, yaro.
Gado daban, rotse daban.
Gona tsakaninku ce,
jini kuwa da ya zuba, hukuma ta shigo.
Ko taka ce daga kunyar farko har bakin rijiya,
ba za ta wanke maka goshin Barmo ba.

Mai da'awa shi ke kawo shaidu,
wanda ya musa, rantsuwa ke jiransa.
Wa ya ga ubanka yana ƙirga kuɗin gonar?
Wa ya taka iyaka ranar? Yana raye?
Nemo shi, ko a Kimba yake kwance.
Kar ka kawo abokin hira
da zai miƙe ya ce "na ji an ce".
"An ce" ba ta da wurin zama a ɗakin nan.

Kar ka dangwala yatsa
kan abin da ba a karanta maka ba.
Wani masunci ya dangwala don ya riski la'asar,
kwalekwalensa ya bi tawadar.
In ba ka gane ba, ka ce ba ka gane ba,
ba a ɗaure mutum don ya ce a maimaita.
Beli kuma ba albasa ba ne da za a yi ciniki,
mutum ake nema mai tsaya maka.
Wanda ya ja ka bayan ɗaki ya ce kawo na goro,
goronka kawai zai ci.

Yanzu bari in taɓa inda ke maka ciwo.
Kana ta cewa "gonata".
Kafin a raba ko taki ɗaya
sai an biya bashin injin ban-ruwa,
a fitar da wasiyya in ya bari,
uwarku ta ɗauki tumuninta.
Kuluwa da Ige fa?
Ko aure ya goge su daga cikin 'ya'yansa?
Abin da kake kuka Barmo ya yi maka,
duba hannunka.

In hukunci bai yi maka ba, akwai kotun gaba,
amma kwanakin ɗaukaka ƙara ƙidayayyu ne.
Ni na ce sai na gama takaba, sai an cire shinkafa.
Da na dawo, ƙofa ta rufe,
fadamar mijina ta tafi.
Tulun nan shi ne abin da na gada.

Ga baffanka can yana sauka daga babur.
Kar ka haɗe rai.
Jiya nan ya zauna, daidai inda kake,
ludayi na rawa a hannunsa,
ya tambaye ni ko an ba ka abinci
daren da ka kwana a caji ofis.
Sulhu ma alƙali na rubuta shi, da hatimi.

Tashi, an kira sunanka.
Cire takalmi. Sassauta murya.
Bar ƙoƙon nan, ni zan wanke.